Jan Fensirin Malam Bunyaminu

Ranar da Bunyaminu ya fara ganin Sakinatu, ba ita ya tsaya kallo ba. Allon da ke saman kanta ne ya tsayar da shi.

Damina ce, ta shekarar da za a ba Nijeriya 'yancin kai. Hadari ya taso daga wajen Dahomey, ƙasar da yanzu ake kira Benin, ya tsaya baƙi ƙirin a kan kasuwar Bagudo, ya ƙi zuba ya ƙi wucewa. Kowa na ta kwashe kaya. Shi kuwa sabon malamin firamare, ɗan garin Geza, ya dafe kekensa a gaban shagon Alhaji Ma'azu, kai a sama, baki a buɗe.

A shekarar nan duk ɗan kasuwar da ke ji da kansa sai da ya sa aka rubuta masa allo da Turanci. An ce in Turawa sun tafi ƙasa za ta cika da manyan baƙi, kuma babban baƙo ba ya shiga shagon da ba shi da suna. Mutum ɗaya ke rubuta allunan, Namadi mai fenti, kuma yana da tsarinsa. Inda ya ga fili ya yi yawa sai ya dasa babban harafi, inda wuri ya ƙure sai ya matse ƙarami. Allon Alhaji ya fito haka: aLHaJi mA'aZu geNeRAL tRAdeR.

"Malam, ruwa zai same ka," wata murya ta ce daga cikin shago. "Ko wani abu kake jira ya faɗo?"

"Wa ya rubuta wannan?" ya tambaya, bai ko sauke kai ba.

"Namadi. Ba kyau? Baba ya ce duk kasuwa babu awa shi."

"Dubi can. Babban harafi ya kutsa tsakiyar kalma. Na farkon kuwa, wanda shi ya kamata ya zama babba, an bar shi ƙarami."

"To faɗa sunka yi?"

"Ba faɗa ba ne. Doka ce."

"Ni ajami na iya," ta ce. "Namu haruffan ba babba ba ƙarami, kowa ya kama hannun ɗan'uwansa su tahi. Naku na boko har su ma sai sun yi rigimar sarauta?"

Sai a nan ya sauke kai. 'Yar Alhaji ce, ta kawo wa mahaifinta abinci, ya tafi sallah ya bar ta da tsaron shago. Doguwa, mai siririn zane a kumatu, da idanun da suka riga bakinta yin dariya. Bunyaminu ya duba hannunsa, ya ga ashe ya zaro jan fensirinsa na gyaran aikin ɗalibai, irin mai maiƙo wanda ruwa ba ya wankewa.

"Mayar da shi aljihu," ta ce. "Kada ka taɓa allon Baba."

"Ba zan taɓa ba. Na yi alkawari."

Aka yi tsawa. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya jiƙa malamin har ciki, yana tsaye yana murmushi kamar wanda aka yi wa kyauta.

Ya kamata a san ciwon da ke damun Bunyaminu. A kwalejin horon malamai akwai wani malaminsu da ke dukan bayan yatsu da gefen rula duk lokacin da ɗalibi ya sa babban harafi inda bai dace ba. Malamin ya daɗe da barin aiki, amma rularsa ta bi Bunyaminu har Bagudo. Da ya ga harafi ya kauce, sai yatsunsa su kama zogi. Mu da muka ɗan leƙa aji mun san wannan cuta. Takan sa mutum ya ga gari na cin wuta, shi yana duba yadda aka rubuta sanarwar gobarar.

Don haka kullum da safe, a hanyar makaranta, kafin a buɗe shaguna, sai ya jingine keke ya zagaye harafin da ya kauce da 'yar da'ira ja. Ya yi wa allon tela, ya yi wa na mai gishiri, ya yi wa na dillalin fata. Wata Asabar ma ya fita shan iska har ƙaramin ofishin kwastan da ke ƙarshen gari, a kan hanyar Dahomey, ya tarar allon ofishin shi ma aikin Namadi ne, ya zauna masa sosai. Bai gaya wa kowa ba, don a ganinsa duk duniya ta san ma'anar jar da'ira: a gyara. Har yana sa ran wata rana a zo yi masa godiya.

Allon Alhaji kaɗai ya bari. Yakan rufe ido ɗaya in zai wuce.

Ba a jima ba ya fara zuwa zance bayan la'asar. Tsakanin zance da zance kuwa sai 'yan takardu, waɗanda Goggo Batulu, yayar Alhaji, ke kai da kawowa a ƙarƙashin faifan ƙwaryar daddawarta. Da ajami yake rubuta mata, kuma kowace takarda sai ya zagaye sunanta da jan fensir.

"Sakina, a Turanci sunan mutum da farkon magana su ake ba babban harafi. Ke kin haɗa biyun. Ke ce sunan, ke ce farkon maganata kowace safiya. Naki, Bunyaminu."

Amsa ta zo tana ƙanshin daddawa.

"Malam Jan Fensir, na ji, na kuma gode. Amma in za ka zo gobe ka bar haruffa a makaranta, jiya rabin hirarmu su sunka cinye. Ka ci abinci, ka rame. Sakinarka."

Da magana ta yi ƙarfi, Goggo ta kai ta gaban ƙanenta. Alhaji Ma'azu ya saurara yana jan carbi, har ta gama.

"Ɗan boko?" ya ce. "Yaya, mutumin da ba gona, ba jaki, ba jirgin ruwa? Abincinsa na hannun gwamnati, gwamnatin ma ga ta nan tana ɗaure kaya za ta tahi. Ga Namadi ya turo tun bara. Sana'arsa na hannunsa, ko ina ya je zai ci."

"Ita ba Namadi take so ba."

"Ba ni yi mata dole. Amma wanga malami, ban ga abin da zai riƙe ɗiyata da shi ba. A ce masa ya yi haƙuri."

Goggo ta isar da saƙo yadda aka ba ta. Washegari da safe Bunyaminu ya biyo ta kasuwa, ido ja, zuciya a cike. Ya zo gaban allon Alhaji, ya rufe ido ɗaya kamar kullum, sai ya ji ba zai iya ba. An hana shi 'ya saboda mutumin da ya rubuta wannan ɓarna? Ya hau bencin ƙofar shago. Da ya sauko, allon ya yi kamar mai ƙyanda.

Ya hau keke da ɗan sanyi a rai. Sanyin bai kai shi ƙofar makaranta ba.

A cikin makon nan abubuwa suka fara lalacewa a gari. Malam Yero, jami'in kwastan, baƙo ne daga can gabas, mutum mai sauƙin kai wanda ayari ke wucewa gabansa da sallama da ɗan goro. Kwatsam ya canza. Ya shiga tsayar da jakuna, ya kwance kowane ƙunshi, ya kulle kaya a sito, ba ya amsa gaisuwa. Ya riƙe yadin tela. Ya riƙe gishirin mai gishiri. Ya riƙe atamfar da Alhaji Ma'azu ya yo oda daga Dahomey don bikin 'yancin kai, wadda matan gari suka riga suka sa rai.

Sai wani ya ɗaga kai ya lura. Duk wanda aka riƙe wa kaya, akwai jar da'ira a allonsa.

Babu wanda ya tsaya tunanin cewa masu allo su ne dama masu kayan da za a riƙe. Magana ta zaga kasuwa kafin azahar: akwai munafuki a gari, yana yi wa kwastan alama. Matan tela suka goge allonsu da toka, jan ya ƙi fita. Dillalin fata ya sauke nasa ya ƙone. Maƙwabta suka daina zama benci ɗaya. In baƙo ya tsaya a gaban shago ya ɗaga kai, sai ka ga hira ta mutu, idanu sun bi shi har ya ɓace. Hadari kullum yana nan a sama, Kwara kuma, babban kogin da ke kusa da gari, tana ta cika, har an ce ta fara cin gonakin shinkafa.

Bunyaminu ya ji duk wannan a bakin masallaci. Ya buɗe baki zai yi bayani, sai wani mahauci da ke kusa da shi ya ce, "Wallahi ranar da munka kama shi, uwarsa ba ta gane shi." Malam ya rufe bakinsa. Fensirin da ke aljihunsa ya yi masa nauyi kamar taɓarya.

Zargi ya yi ta yawo, daga ƙarshe ya sauka a kan Namadi. Wa ya san allunan kamar shi? Wa ke da jan fenti? Wa ke zuwa Dahomey sayen fenti ya dawo ta gaban Yero ba a taɓa buɗe masa gwangwani ba? Namadi ya rantse har muryarsa ta dushe. 'Yan kasuwa suka taru a zauren Alhaji Ma'azu suka yanke: ranar Juma'a bayan an sauko, za a kai shi bakin Kwara a sa shi a jirgi a tsallakar da shi, kada ya sake taka Bagudo. Kowa ya san yadda Kwara take a wannan wata. Kowa ya san jirgin da aka tura da fushi ba lallai ya kai gaɓa ba. Ba wanda ya faɗa da baki.

Ana gobe Juma'a Goggo Batulu ta zo makaranta da fara'arta.

"Ɗana, abin nema ya samu. Alhaji ya ce Allah ya tsare shi da haɗa zuri'a da munafuki. Ya ce ka turo manyanka daga Geza."

Bunyaminu ya yi godiya da muryar da shi kansa bai gane ba. Da la'asar ya je zance. Sakinatu ta fito ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ta zauna nesa da inda ta saba.

"Kin ji albishir, Sakina?"

"Na ji."

"Ba ki yi murna ba?"

Ta zaro ɗaya daga cikin takardunsa daga gefen zane, ta ajiye a tsakaninsu, ta ɗora yatsa a kan sunanta.

"Da'irarka ba ta rufewa. Kullum kana barin ɗan baki ta sama. Na tsaya ƙarƙashin allon Baba na duba, duk haka suke."

Can nesa aka yi tsawa mara ƙarfi.

"Ka yi mini alkawari, Malam."

"Na yi. Na karya. Amma wallahi, Sakina, ban san wani kwastan ba. Gyara kawai nake yi. Haka ake yi a aji."

"Na sani. Da ban sani ba da ban fito ba. Amma Bagudo ba ajinka ba ne."

"In na faɗa, ni za a sa a jirgin. Ko ba a sa ni ba, Baba ba zai sake duba fuskata ba. In na yi shiru kuwa, nan da wata ɗaya kina ɗakina."

"Shi ma na sani." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Bakina ba zai kai ka Kwara ba. Ko an sa mini wuƙa ba ni faɗa. Amma ba ni shiga ɗakinka da hakkin Namadi a kaina. Ba ni son sa, surutu gare shi, kullum warin kananzir yake. Amma uwa ta haife shi."

"Sakina, masoyiyata, ki duba..."

"Na duba, Malam Jan Fensir. Saura kai."

Ta naɗe tabarmar tun yana tsaye.

Da safiyar Juma'a Goggo ta kai takarda, ba ta san abin da ke ciki ba.

"Sakina, zan zo shagon Baba in an sauko. In ba mu sake ganin juna ba, a ba Goggo kekena. Ki yafe mini alkawarin. Naki har abada, Bunyaminu."

Bai zagaye sunanta ba. Amsa ta zo gajeriya.

"Ka sa farar rigarka. Zan tsaya inda za ka gan ni."

Da aka sauko daga masallaci, jama'a suka yi cincirindo a gaban shagon Alhaji. Sama ta yi duhu kamar magariba, iska ta tsaya cik. Namadi na zaune a ƙasa, an kifar da gwangwanayensa, fenti ya malale a kan yashi, an ɗaure masa 'yan kayansa a tsumma. Mahaifiyarsa na gefe, wasu mata sun riƙe ta. Sakinatu na bakin ƙofar shago a bayan Goggo.

Bunyaminu ya kutsa cikin taron da farar riga.

"Jama'a, ku saurara," ya ce. Ba wanda ya ji. Muryar da ta saba da yara ba ta ratsa mahauta.

Ya sake faɗa, aka ture shi gefe. Sai ya ɗaga kai don ya roƙi Allah, idonsa ya faɗa kan allon Alhaji. Can a ƙarshe, ga babban harafi guda da ya tsallake ranar nan saboda gaggawa. Ya hau benci, ya zaro jan fensir, a gaban kowa ya zagaye shi, ya bar ɗan baki ta sama.

Nan take duk idanu suka juyo kansa.

"Ni ne," ya ce. "Duk ni na yi. Namadi bai san komai ba."

Alhaji Ma'azu ya matso a hankali. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba da tsoro ke nan.

"Kai? Kai da na ce ka turo manyanka? Mi Yero ya ba ka?"

"Bai ba ni komai ba, Baba. Ban taɓa magana da shi ba. Haruffan ne ba daidai ba. Babban harafi ba ya shiga tsakiyar kalma. In ɗalibi ya yi kuskure, zagayewa ake yi da ja don ya gyara."

"Saboda harafi?" mahaucin nan ya ce. "Ka ji ɗan iska! An kulle mana dukiya, yana mana karatun 'yan aji ɗaya. Ku sauko da shi!"

Hannuwa suka cafke farar rigar, wuyanta ya yage. Aka ja shi ƙasa. Wani ya ce jirgi dai na nan, ba a ce lallai sai Namadi ba. Taro ya fara motsawa.

"Baba!"

Muryar Sakinatu ce. Ba a saba jin budurwa a taron maza ba, sai kowa ya waiwaya.

"Baba, a tambaye shi ko akwai allon da ya ƙyale a garin nan."

Alhaji ya harare ta, amma ya juya ga malamin. "Ka ji."

"Babu, Baba. Ko ɗaya. Har na ofishin kwastan na yi wa. Shi ya fi kowanne muni."

"Ni na rubuta shi!" Namadi ya ce daga ƙasa, da zafin rai. "Kuma babu abin da ya same shi!"

Alhaji ya shafa gemu. Munafukin da ke yi wa kwastan alama ba zai je ya zagaye allon kwastan ɗin ba. Amma an kwana biyu ba wanda ya ga allon nan, don Yero ya rufe shi da buhu, kowa na zaton saboda ruwa ne.

"Hanyar Kwara ta gaban ofishin take bi," in ji Alhaji. "Mu tahi. In gaskiya ce, mu gani. In ƙarya ce, ba mu tsayawa."

Haka aka tasa shi a gaba, mutum biyu riƙe da hannayensa, gari duka a baya. Walƙiya na ta tsaga sama ta wajen Dahomey. Bunyaminu ya waiwaya sau ɗaya, ya hango gyalen Sakinatu a cikin mata, ya juya ya ci gaba da addu'ar Allah ya sa ruwa bai ci jan ba.

Malam Yero ya hango taron tun daga nesa. Ya fito ƙofar ofis, sai mutane suka ga yadda ya koma: ya rame, idanu sun faɗa, damtsensa duk layu. A jikin buhun da ya rufe allon ma an rataya laya.

"Kun zo ƙarasa ni ke nan?" ya ce. "To ga ni. Amma ku sani akwai Allah."

"Wa ya ce za a taɓa ka?" in ji Alhaji. "Allonka munka zo gani."

"Aikinku za ku duba? Ku duba!"

Ya fizge buhun. Allon ya fito ja-ja-ja, kusan babu harafin da ya tsira, kowace da'ira da ɗan bakinta ta sama.

"Tun safiyar da na tashi na ga wannan na san kun yi mini sammu," Yero ya ce. "Ni baƙo ne, ban da kowa a nan. Na daina cin abincin garinku, na daina shan ruwan rijiyarku. Na ce kafin abin ya ci ni, sai kun ɗanɗana. Me na yi muku? Ba da sallama kuke wucewa ba?"

Mahauci ya saki hannun malamin a hankali, ya shiga duba farcensa. Tela ya dubi mai gishiri, mai gishiri ya dubi ƙasa. Wata guda ke nan gari na tsoron Yero, Yero na tsoron gari.

Goggo Batulu ce ta fara. Ta so ta danne, ta kasa, ta dafe cinya ta tuntsure da dariya har ɗankwalinta ya zame. Dariyar ta kama mata, ta tsallaka wajen maza. A daidai nan hadarin da ya daɗe yana barazana ya saki ruwa.

Yero ya dubi malamin da aka nuna masa, mai yagaggiyar riga. "Kai ne? Me na yi maka, bawan Allah?"

"Ba kai ba ne, ranka ya daɗe. Ka ga harafin farkon nan, ai kamata ya yi..."

"Malam," in ji Alhaji Ma'azu, "rufe mana baki."

A ranar aka buɗe sito. Kayan da takardunsu suka cika suka fita nan take, sauran kuma bayan doguwar gaisuwa. Matan tela suka aika wa Yero tuwon shinkafa da miyar kifi, ya cinye har da suɗe kwano.

Bunyaminu ya je har gida ya durƙusa gaban Namadi da mahaifiyarsa. Namadi ya bar shi a durƙushe ya ɗan jima, yana goge burushi.

"Ka kusa sa kifi ya ci ni," ya ce. "Amma ka zo da ƙafarka za ka shiga jirgi a madadina. Ba ni takara da kai a kan Sakinatu, na janye. Sai dai ka sani, haruffana ba ni canzawa. Kai doka ka sani, ni kyau na sani."

Alhaji kuwa sai da ya bar shi mako guda yana zullumi kafin ya kira shi zaure.

"Wautarka ta yi yawa," ya ce. "Ban taɓa ganin mai ilimi wawa awa kai ba. Amma da ka yi shiru da ka samu ɗiyata a banza, kuma ba ka yi ba. Na ce ban ga abin da za ka riƙe ta da shi ba. Yanzu na gani. Na ba ka, da sharaɗi. Allona na nan yadda Namadi ya rubuta shi. Ka kankare jan da hannunka, kuma kullum da safe ka zo ka gaishe ni a ƙarƙashinsa, da ido biyu a buɗe."

"Na yarda, Baba."

"Fensirin kuma a sa shi cikin lefe. Ita za ta riƙe."

Da yamma Goggo ta kawo takarda.

"Angona, na ji an ce ka yi kuka a zaure. Kada ka damu, ba ni gaya wa ɗalibanka. Na ɗinke wuyan farar rigar. Fensir zan riƙa ba ka aro ranar makaranta, ka dawo mini da shi kafin la'asar. Sakinarka."

An ɗaura aure bayan bikin 'yancin kai da 'yan kwanaki, tutoci kore da fari ba a ma sauke su ba. Mutanen Geza suka zo, dangin Goggo suka zo daga Kurgu, matan gari suka fito cikin atamfar da ta sha zaman sito. Malam Yero ya zauna a sahun gaba, ya fara mayar da jiki.

Da aka kai amarya, sai ango ya tarar da gudummawar Namadi an kafa ta a saman ƙofar gidansa: sabon allo, kore da fari, da sunayensu biyu da fatan alheri cikin Turanci. Namadi ya zuba basirarsa duka. Babu kalma ɗaya da ta fara da babban harafi, babu kuma wadda ba ta da biyu a tsakiya.

Bunyaminu ya tsaya. Yatsunsa suka kama zogi. Hannunsa ya tafi aljihu da kansa, ya tarar babu komai.

Sakinatu ta ɗan ɗaga mayafi ta leƙo. "Mi ya ce, angona?"

"Ya ce Allah ya ba mu zaman lafiya."

"An rubuta daidai?"

Ya dubi allon, ya dubi Namadi da ke can gefe yana washe baki, ya dubi idanun nan da suka riga bakinta yin dariya.

"Daidai ne," ya ce.

Goggo ta rangaɗa guɗa, ta tura su ciki tana sa albarka: Allah ya sa alheri, ya kau da fitina, ya cika gidan da zuri'a. Aka amsa da amin har bakin titi. Allah kuwa ya karɓa, gida ya cika da 'ya'ya manya da ƙanana, duk sun tashi suna shiga suna fita a ƙarƙashin allon nan, kuma har fentinsa ya koɗe babu wanda ya taɓa ganin jan fensir a jikinsa.